Ciyaman Ciyawa na Tudun Ni'ima

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa ƙasar Wurno baiwa da su, sai a fara da Alhaji Siddiƙu Sale, a tsaya a sha ruwa, sannan a waiwayi saura. Ba a bakin mutanen gari kaɗai ake jin wannan yabo ba. Shi kansa Alhajin ya sha tabbatar da shi, ga shi kuwa mutum ne da ba ya son ƙarya.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a Abuja yana aiki a wata babbar ma'aikata. Duk takardar da za ta shiga ofishin darakta sai ta bi ta hannunsa, don shi ne mai ɗauka ya kai. Da ya yi ritaya sai ya tuna da gida, amma bai zarce Magarya ba, inda aka binne cibiyarsa, inda har yau 'yan'uwansa ke noman gero da albasa. Ya ce ruwan can ba ya karɓar cikinsa. Sai ya sayi gida a Tudun Ni'ima.

Ga wanda bai sani ba, Tudun Ni'ima sabuwar unguwa ce a bayan garin Wurno, in an ɗauki hanyar Goronyo. Gidaje sittin da 'yan kai, katanga guda ta zagaye su, ƙofa ɗaya, maigadi ɗaya. Kowane rufi da farantan sola, kowace ƙofar gida da mota kwance kamar saniyar da ta ƙoshi. Mazaunanta manyan dillalan albasa ne da na shinkafa, da tsofaffin ma'aikatan madatsar ruwa, da likitoci biyu, da wani alƙali mai ritaya da ba ya son hayaniya. Makarantu uku ne a cikinta, biyu na boko ɗaya Islamiyya, kuma sun yi sunan da har daga Rabah da Goronyo ake ciko bas da yara kowace safiya.

Amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne lambun da ke tsakiyar unguwar. Ciyawa ce shimfiɗe kore shar, a ƙasar da rana ke gasa ƙwai a watan huɗu. Ga mangwaro, ga dogon yaro, ga lilo guda biyu da kujerun siminti. Da la'asar yara kan cika shi da ƙwallo da ihu, mata su baza tabarmi a gindin itace suna tsinkar zogale suna hira. Wani tsoho mutumin Marnona, Baba Isa, shi ke renon wannan ciyawa tun tana tsiro. Shi dai da bakinsa na Basakkwace bai san wata ciyawa ba, haki yake ce mata.

Haka ake zaune lafiya har ranar da aka taru a zaɓi shugaban ƙungiyar mazauna unguwa. Aikin ba wani aiki ba ne: a tuna wa masu kwashe shara ranar zuwansu, a kira mai gyara in famfon burtsatse ya yi gardama. Kowa ya noƙe. Alƙali ya ce gwiwarsa na ciwo, likitoci suka ce suna da marasa lafiya. Ba a rufe baki ba Alhaji Siddiƙu ya miƙe, ya gyara hula, ya ce tunda jama'a sun matsa, ba zai watsa musu ƙasa a ido ba.

Kafin mako ya zagayo an sassaƙa hatimi. An buga takarda mai ɗauke da sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Wanda duk ya ce masa Alhaji ya tsaya nan, sai ya yi kamar bai ji ba, sai an ƙara da Ciyaman.

Jawabinsa na farko ya yi shi ne bayan sallar la'asar, mutane ba su ko gama shafa addu'a ba.

"Jama'ar Tudun Ni'ima, ni na zauna inda ake zama. Na ga yadda manya ke rayuwa. A Abuja, unguwa irin wannan, ko tsuntsu ba ya sauka sai da tsari. Ba zan zuba ido a mai da mana ita ƙauye ba."

Dokoki suka fara fitowa kamar farin ɗango. An hana shanya albasa a ƙofar gida, a unguwar da albasa ta gina rabin gidajenta. An hana jakai da amalanke shigowa. Ɗan kabu-kabu in ya kawo fasinja, sai ya kashe mashin a bakin ƙofa ya turo shi da hannu, fasinjan na biye a ƙasa. Maigadi Sa'adu, magidanci mutumin Rabah mai 'ya'ya bakwai, aka saya masa usur da jar hula, aka kuma gaya masa cewa daga yau bakinsa na busa usur ne, ba na ba da shawara ba.

Mutane suka yi dariya suka bar shi. Suka ce zafin sabon muƙami ne, zai huce.

Bai huce ba. Wata la'asar Ciyaman ya tsaya a bakin lambu, hannuwa goye a baya, yana kallon yara na tsere a kan ciyawa. Fuskarsa ta yi kamar ta wanda ake taka wa sabuwar darduma da takalmi. Washegari aka wayi gari da sarƙa da ƙaton kwaɗo a ƙofar lambun, ga allo an rataye: A KALLA DAGA WAJE. Makullin kuwa yana aljihun gaban rigarsa, kusa da zuciya. Tun daga ranar aka ƙara masa sarauta. A gabansa Ciyaman, in ya ba da baya Ciyaman Ciyawa.

Yara suka koma buga ƙwallo a kan titi, tsakanin motoci da bas ɗin makaranta. Cikin sati biyu aka fasa gilashin motar alƙali, wata yarinya kuma ta tsallake rijiya da baya a bayan bas mai ja da baya. Washegari Malama Nuriyya, shugabar makarantar firamare, ta yafa mayafi ta yi sallama a ƙofar Ciyaman. Mace ce mai sanyin murya da ba ta iya kwana-kwana ba.

"Ciyaman, makulli niz zo karɓa. Ɗiyanmu sun koma bisa titi. Jiya saura ƙiris mota ta take ɗiyar Hajiya Kaltume."

Ciyaman ya yi murmushin wanda ya ga duniya. "Malama, ke mai ilimi ce, bai kamata in yi miki dogon bayani ba. Ciyawa irin wannan ta kallo ce. Yaro ya tsaya a bayan wayar shinge ya kalli kore, ƙwaƙwalwarsa ta buɗe. Bincike ya nuna haka."

"Binciken wa?"

"Na Abuja."

"To lilon fa? Shi ma na kallo na?"

Ya ce za a kafa kwamiti a duba batun lilo. Malama Nuriyya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah Ya ba kwamiti lafiya, ta juya.

Saura mutum ɗaya da ke da izinin taka ciyawar, shi ma kwanansa ya ƙare. Wata safiya Ciyaman ya fito shan iska da farar shadda, sai hancinsa ya ci karo da wani wari da ya sani farin sani tun yana yaro, ya kuma kwashe shekara talatin yana ƙoƙarin mantawa. Ya leƙa lambu, ya tarar da Baba Isa da kwando yana barbaɗa takin awaki.

"Baba, mene ne wannan?"

"Taki na, ranka shi daɗe. Bazara ta kama. In ba a ba hakin ga abinci ba, ba shi kai damana."

"Na hana ka ce mata haki. Haki na jakai ne. Kuma kashin awaki a Tudun Ni'ima? In baƙo ya shigo ya shaƙi wannan, me zai ɗauke mu?"

"Mutane masu haki mai rai," in ji tsohon.

A ranar aka sallami Baba Isa da takarda mai hatimi, wadda bai iya karantawa ba, ya naɗe goronsa a ciki ya hau mota zuwa Marnona. Ciyaman ya sanar a zauren Wasap na unguwa cewa daga yanzu za a kula da lambu ta hanyar zamani, ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye.

A nan ne babban tunani ya zo masa. Lambu mai kyau haka a ce ba shi da suna? Ya kira taron kwamiti, wato shi da hatiminsa, aka amince ba hamayya cewa za a raɗa masa Lambun Alhaji Siddiƙu Sale. Ya sa aka sassaƙa sunan a jikin farin dutse a Sakkwato. Ya sa rana, Asabar ta ƙarshen wata. Ya aika wa Dokta Mashkura, shugabar wata ƙungiyar masu dashen itatuwa a Sakkwato, takardar gayyata ta zo ta yaye ƙyalle. Ya zauna ya rubuta jawabi shafi tara.

Ita kuwa ciyawa ba ta san ana shiri ba. Babu taki, ban ruwa kuma sai ranar da aka tuna. Saura kwana goma sha biyu biki ta fara yin rawaya daga gefe, kamar mai shawara. Ciyaman ya zagaya ta sau uku, ya gano matsalar nan take: ba ta da lafiya. Marar lafiya kuwa magani yake so.

Ya shiga mota sai kasuwar Wurno, shagon masu kayan noma. Ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ƙurar buhuna ta taɓa shi.

"Kana da maganin ciyawa?"

Mai shago ya ce akwai iri-iri. "Gona za a share, Alhaji?"

"Gona? Ka dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai gona?"

"A gafarce ni. Wane iri kaka so? Akwai mai tsayawa ga ganye, akwai mai shiga har saiwa."

"Ni ba na aikin rabi da rabi. Ba ni mai shiga har saiwa. Kwalba huɗu."

Yanzu ko yaron goye a Magarya ya san maganin sauro ba ƙiba yake sa wa sauro ba, maganin ɓera kuma ba don ɓera ya ji daɗin jikinsa ake saye ba. Amma wannan sani ne na manoma, Ciyaman kuwa ya daɗe da yin sallama da shi. Rubutun jikin kwalba ƙanana ne, tabaraunsa kuma na ado ne.

Da ya dawo, Sa'adu maigadi ya ga kwalaben a bayan mota, ya matso da sauri.

"Ranka shi daɗe, wanga magani ai..."

"Sa'adu, me na ce maka game da bakinka?"

Sa'adu ya haɗiye sauran maganar. Ya rasa yadda zai yi, sai ya sa usur a baki ya busa sau ɗaya, a hankali, kamar mai ta'aziyya.

Ciyaman bai yarda kowa ya yi feshin ba. Shi da kansa ya goya tankin feshi a kan babbar riga, ya miƙa wa Sa'adu waya ya ɗauke shi hoto. Ya bi lambun kusurwa kusurwa, inda ya fi rawaya ya ƙara masa hannu. Da yamma hoton ya shiga zauren unguwa, a ƙarƙashinsa an rubuta: Shugabanci hidima ne.

Kwana uku shiru. Ciyaman ya ce magani na ratsawa. A kwana na biyar rawaya ta mamaye ko'ina, ya ce alamar ciwo na fita ke nan. A kwana na takwas ciyawar Tudun Ni'ima ta koma kalar bayan raƙumi, in an taɓa ta sai ta ruguje a hannu. Itatuwa kaɗai suka tsira, suna tsaye suna kallon ikon Allah. Matarsa, Hajiya Rahama, wadda ta tashi a gidan noma ba ta kuma taɓa jin kunyar hakan ba, ta ɗauki kwalba ɗaya da ya bari a zaure ta juya ta.

"Alhaji, wanga kas sa ma hakin?"

"Shi ne. Mai shiga har saiwa."

"To ya shiga," ta ce, ta ajiye kwalbar ta koma madafa.

Wani da ya ji haka sai ya ɗaga biki, ya nemi gafarar jama'a, ya aika a ba Baba Isa haƙuri. Amma girman kai rawanin tsiya ne, wanda ya naɗa ba ya jin nauyinsa. Ciyaman ya sa aka kewaye wayar lambun da buhuna, ya ce ana shirin ba-zata. Ranar Asabar da sassafe, mutanen unguwa suka ga abin da ba su taɓa zaton gani ba: Ciyaman da kansa a bakin ƙofa yana yi wa amalanken jakai shida maraba. Ɗanyar ciyawa ce aka yanko daga bakin fadama, irin wadda ake kai wa tumaki. Aka shimfiɗa ta a kan matacciyar, aka bi da ruwa aka yayyafa. Daga nesa, in mutum ya kanne ido ɗaya, sai ya rantse lambu ne.

An sa biki ƙarfe goma. Da baƙuwa ta zo ƙarfe goma, da wataƙila an sha. Amma taya ta fashe musu a hanya, ba su iso ba sai bayan azahar. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Awa huɗu ranar Wurno ta yi tana aikinta a kan ciyawar da ba ta da gindi. Kafin a ji ƙarar motar baƙi, shimfiɗar ta yi laushi, ta yanƙwane, ta fara tashin ƙamshin harawa.

Aka buɗe wa jama'a kwaɗo karo na farko cikin wata uku. Mazauna unguwa suka shiga suka zauna a rumfa, ɗaliban makarantu uku suka yi layi da tutoci. Ciyaman ya hau mumbari da shadda mai ruwan ganye, ya buɗe shafi na ɗaya. Da yake jawabin an rubuta shi tun ciyawa na da rai, kuma shi ba mutum ba ne mai sauya magana, haka ya karanta shi.

"Ya ku manyan baƙi, wannan kore shar da idanunku ke gani, ba da kansa ya zo ba. Ilimi ne. Tsari ne. Hangen nesa ne na mutum ɗaya, wanda kunya ba za ta bar ni in ambaci sunansa ba."

Alƙali mai ritaya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Wani dillalin albasa ya tura hula baki.

A shafi na huɗu iska ta taso, 'yar guguwar bazara mai wasa da ledoji. Ta shigo ta ƙofar da aka bari buɗe, ta yi juyi biyu a tsakiyar fili, ta ɗebi hangen nesan Ciyaman ta watsa wa manyan baƙi a kan huluna da mayafai. Inda ta share, ƙasa ta bayyana, ja, busasshiya, ba ko tsinke mai rai.

Dokta Mashkura ta cire wani reshe daga kafaɗarta. Ta tashi ta taka zuwa tsakiyar fili, ta duƙa ta damƙi ciyawar da ta rage, sai ga ta ta taso gaba ɗaya a hannunta ba gardama. Ta juya ta, ta duba ƙasanta.

"Ciyaman, shekarata ashirin ina aikin shuke-shuke. Yau na fara ganin ciyawar da ba ta da saiwa."

Lasifika na kunne, bakin Ciyaman na kusa da ita. Hausar Abuja ta gudu ta bar shi a tsaye.

"Wallahi ban san mi as samu hakin ga ba! Magani ɗai nis sa mai!"

"Wane magani?"

"Maganin ciyawa!"

Dariyar da aka yi wata uku ana dannewa ta fashe gaba ɗaya. Har alƙalin da ba ya son hayaniya sai da aka riƙe shi. Dokta, da yake mace ce mai kara, ta ce tunda an zo a ƙarasa. Ta ja ƙyalle, farin dutse ya bayyana da sunan Alhaji Siddiƙu Sale yana ƙyalli a gaban fili ƙwal kamar tafin hannu.

Malama Nuriyya ba ta yi dariya ba. Ta matso gaban mumbari a natse.

"Ciyaman, yanzu da ba sauran abin kallo, ɗiya na iya shiga?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin izini, ta ɗaga wa malamai hannu. Yara ɗari uku suka ajiye tutoci suka kwararo. Kafin a gama raba lemo an kafa duwatsu an yi raga, lilo biyu na ta kuka don murna. Masu amalanke, da ke jira a waje tun safe, suka shigo suka kwashe ciyawarsu, suka ce ko ba komai jakai sun samu abin buɗa baki.

Washegari Ciyaman ya rubuta a zauren unguwa cewa, bayan dogon nazari, ya yanke shawarar mai da lambun filin wasanni don ci gaban matasa, kamar yadda ake yi a Abuja. Mutum arba'in da ɗaya suka tura masa hoton tafi. Shi dai ya ƙirga su, bai tambayi ma'anarsu ba. Alƙali da likitoci kuwa suka ɗauki mota suka tafi Marnona da goro, suka dawo da Baba Isa. Tsohon ya tsaya ya daɗe yana kallon filin, ya ce gefe-gefe zai iya tayarwa in damana ta sauka, amma tsakiya, inda aka ƙara hannu, kuma ƙafafun yara suka daddaɓe, ya riga ya zama faƙo, ƙasa mai taurin da ba ta tsiro, sai dai a bar wa Allah.

Har yau farin dutsen na nan, yara na jingina jakunkunansu da shi. Sai dai ba wanda ke karanta abin da aka rubuta. 'Yan kabu-kabu ne suka fara raɗa wa wurin suna, direbobin bas na Rabah da Goronyo suka ɗauka, yanzu ko a tashar Wurno ka ce a kai ka Faƙon Siddiƙu, ba mai tambayarka kwatance.

Ranar da sunan ya iso kunnen Ciyaman ya shigo gida ya ƙi cin tuwo. Hajiya Rahama ta tura masa kwano gabansa.

"Ci abincinka, Alhaji. Ba kai kac ce kana son sunanka shi daɗe ba? Haki na mutuwa. Faƙo ko ba shi mutuwa."